Wakili Ba Ya Zama In Mai Abu Ya Iso

Ɗana, na ga takardar jarrabawarka ta Turanci, na kuma ga wuraren da malam ya bi da jan biro. Makin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jimlar nan da ka rubuta, “Audu he went to the market”. Na san inda ta fito, don ni ma na rubuta irinta ina aji ɗaya na sakandare. Na sha bulala a kanta, ba kuwa wanda ya zaunar da ni ya gaya mini dalili.

Dalilin a bakinka yake. Bahaushe ba ya cewa “Audu tafi kasuwa”, sai in aikensa yake yi. Dole ya ce “Audu ya tafi”, “Binta ta dawo”, “yara sun ƙoshi”. Suna na gaba, ɗan wakilinsa na biye, shi ya sa wasu malaman nahawun Hausa ke kiran wannan “ya” da “ta” zagin aikatau. Turanci bai san wannan rakiya ba. Ko dai Audu ya zo da kansa, a ce “Audu went”, ko ya turo wakili, a ce “he went”. Ita kanta kalmar “pronoun”, wato wakilin suna, daga Latin take, ma'anarta “a madadin suna”. Wanda ka wakilta wajen ɗaurin aure, in ka iso da kanka ai tashi yake ya bar maka tabarma.

Kai da ka yi Ajurumiyya a zaure kana da wani uzurin. An koya maka cewa zance kashi uku ne, isimu da fi'ili da harafi, lamiri kuwa, wato wakilin suna, cikin isimu aka lissafa shi. Wannan daidai ne a Larabci. Amma nahawun Turanci na makaranta gida takwas ya raba kalmomi, ya ware wa wakilin suna ɗakinsa daban, kuma da wannan rabon masu jarrabawar WAEC da NECO za su auna ka.

To, kada ka dogara da haddar nan ta firamare, wai suna shi ne abin da ake kiran mutum ko wuri ko abu da shi. Ranar da ka haɗu da “everybody” ko “nothing” ko “someone” za ta bar ka a rana, don duk sun yi kama da suna alhali wakilai ne. Gwada kalmar za ka yi, kamar yadda ake ƙwanƙwasa tukunya kafin a biya. Sa mata “the” ko “a” a gaba. “The teacher” ya zauna, “a goat” ya zauna, amma “the he” ko “a they” ko kunnenka ba zai karɓa ba. Za ka ce ai Audu da Kano ma ba sa ɗaukar “the”. Gaskiya ne, amma su an ɗaure su a turke ɗaya: Kano Kano ce ko a bakin wa. “I” kuwa a bakina ni ne, a bakinka kai ne. Wakilin suna ba shi da ubangida na dindindin.

Sannan ka lura da canza riga. Audu ko shi ya yi duka ko shi aka daka, Audu ne. Wakilinsa kuwa “he” ne in shi ya aikata, “him” in a kansa aka aikata. Haka “I” da “me”, “she” da “her”, “we” da “us”, “they” da “them”. Nan ne ma manya masu digiri ke tuntuɓe su ce “between you and I”, alhali “me” ake so. Kuma suna yana nuna mallaka da ɗan waƙafin sama, “Audu's cap”, amma “its” da “hers” da “yours” ba ruwansu da shi. In ka ga “it's”, to “it is” ko “it has” aka taƙaita.

Wani sauƙin da Allah ya yi maka shi ne wakilan ba su da yawa, za ka iya haddace su a zama biyu. Sunaye kullum ƙaruwa suke: a 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da “okada” da “Kannywood”. Ƙofar wakilai kuwa da wuya take buɗuwa. “They” da “them” da “their” aro ne daga harshen mutanen arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila, sun kuma bayyana a rubutun Turanci tun wajen shekarar 1200. Raguwa ma suka yi, don “thou” ta faɗi, “you” ta haɗiye kai da ke da ku gaba ɗaya. A nan kam Hausa ta fi Turanci wadata. Turawa kuma suna da “it”, wadda ba mu da ita, don haka mota da riga da muke ce wa “ita” kada ka kira su “she”.

Akwai 'yan kalmomi masu fuska biyu. “Mine” a cikin “this pen is mine” wakili ne, a cikin “a gold mine” kuwa ramin haƙar zinariya ne, ga “a” nan a gabansa tana shaida. Gobe bayan sallar isha'i ka zo mini da takardar nan da jan biro, mu bi ta layi-layi. Na ƙirga wuri huɗu da Audu ke zaune da wakilinsa a tabarma ɗaya.