GUZURIN DA BA YA ƘAREWA

Karatu: Maimaitawar Shari'a 31:16-22, Ayyukan Manzanni 16:22-34, Yakubu 3:9-10

A gidajen masu bi da yawa a Kudancin Kaduna, ranar da takardar samun gurbin karatu ta iso ranar farin ciki ce. Uwa ta rangaɗa guɗa, uba ya kira Fasto a yi addu'a, ranar Lahadi kuma iyali su fito da rawa su kai baikon godiya a majami'a. Daga nan sai a shiga haɗa guzuri: garin rogo, acca, man ja, dakakken yaji, risho, bokiti da katifa. Wani uban buhun citta zai sayar, wata uwar kuma aladen da ta yi shekara tana kiwo za ta kai kasuwar Kafanchan. Tun da cutar citta ta 2023 ta lalata gonaki a ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko, haɗa kuɗin makaranta ya ƙara wuya, amma iyaye ba su fasa ba. 'Ya'yansu suna nan a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da makarantar koyon aikin jinya ta Kafanchan, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, wasu kuma sun yi nisa har Zariya da Jos.

Sai dai kowane ɗalibi ya san cewa kafin zango ya kai rabi, gari ya ƙare, man ja ya koma gindin kwalba. Saboda haka ya kamata kowane gida ya tambayi kansa: ban da abin da ke cikin jaka, me aka sa a cikin zuciyar yaron nan wanda ba zai ƙare ba?

Abin da Allah ya umarci Musa

Sa'ad da kwanakin Musa suka kusa cika, Isra'ilawa suna bakin ƙasar alkawari. Ubangiji ya faɗa masa a fili cewa idan jama'ar nan suka shiga ƙasar, suka ci suka ƙoshi, za su juya wa alkawarinsa baya su bi waɗansu alloli. An riga an ba su Shari'a, suna da firistoci, suna da akwatin alkawari. Duk da haka Ubangiji ya umarci Musa ya rubuta waƙa, ya koya musu ita har ta zauna a bakinsu, domin ta zama shaida a kansu. Dalilin da ya bayar shi ne zuriyarsu ba za ta manta da ita ba. A ranar nan Musa ya rubuta ta, ita ce ke cikin sura ta 32.

Akwai abubuwa biyu da suka cancanci lura. Na farko, hatsarin da Ubangiji ya hango yana jiran jama'arsa ne a wurin ƙoshi da sakewa, bayan an bar wahalar jeji. Ɗalibin da ya bar gida ya shiga irin wannan ƙasa. Babu uwar da za ta tashe shi sujadar asuba, babu dattijon ikkilisiya da zai tambayi inda ya kwana. Na biyu, Allah wanda ya yi mutum ya san cewa abin da aka rera ya fi daɗewa a zuciya. Matashi zai iya manta wa'azin makon jiya, zai iya barin Littafi Mai Tsarki a ƙasan akwati ƙura ta rufe shi, amma waƙar da ya ji tun yana goye takan taso masa ba tare da ya kira ta ba, ta tsaya a gabansa kamar mai ba da shaida.

Inda ake koyon waƙar

Kakannin masu bi na wannan ƙasa sun san ƙarfin waƙa. Masu mishan na SIM sun zauna a Kwoi tun 1910, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, kuma waɗanda suka iya karanta shi a lokacin kaɗan ne. Da baki bishara ta ratsa ƙauyukan Ham, da Bajju, da Atyap, da Kagoro. Wanda bai san baƙi ba ya haddace abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi. Matan Zumunta suka ɗauki labarin Yusufu da na ɗa mubazzari suka sa su a kan ganga da tulu da kacau-kacau, da Hausa da harsunan gida. Ƙungiyoyin Sabon Rai kuma suka bi kasuwanni da shi. Tsofaffi da yawa da ba su taɓa zama a aji ba sun tafi wurin Ubangiji da sanin ceto sarai, domin sun rera shi shekara da shekaru.

Makarantar wannan waƙa ita ce gida, manyan darussanta kuwa ranakun da iyali ba ya mantawa ne. Ranar suna, ana rera godiya a kan jariri. Ranar baftisma, jama'a suna waƙa a bakin rafi sa'ad da yaro ke fitowa daga ruwa. Ranar aure, mata suna raka amarya da gargaɗi a cikin waƙa. Ranar jana'iza, yaro yana ganin uwarsa tana hawaye, tana kuma rera begen tashin matattu da baki ɗaya. A nan ne yake koyon cewa bangaskiyar gidansu tana ɗaukar murna, tana kuma ɗaukar makoki. Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki kafin ta iso gare shi (2 Timoti 1:5). Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidan da ya bar sujadar iyali ta mutu, ya bar talabijin da waya su cinye maraice, ya sallami ɗansa da rabin guzuri ko da jakarsa ta cika.

Tsakar dare a makaranta

A Filibi an yi wa Bulus da Sila dūka, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna raira yabo ga Allah, sauran 'yan sarƙa suna sauraro. Wurin duhu ne, gama sai da yari ya nemi a kawo fitila kafin ya shiga. Ba su da littafi a hannu, abin da ke cikin zuciyarsu suka rera. Kafin gari ya waye, mutumin da ya zare takobi zai kashe kansa ya sami ceto, aka yi masa baftisma tare da dukan gidansa.

Rayuwar makaranta tana da nata tsakar daren. Akwai daren da jarrabawa ta matso, aboki ya zo da amsar da aka saya. Akwai ranar da za a rufe rajista, kuɗi bai iso daga gida ba, wani mai mota kuma ya yi wa yarinya alkawarin biya. Akwai cacar ƙwallo a waya, da ƙwaya, da ƙungiyoyin asiri masu alkawarin kāriya. Akwai sakamakon da ya fito da faɗuwa, har matashi ya ga kamar rai ba shi da amfani. A irin wannan sa'a Fasto yana nesa, iyaye suna barci a ƙauye. Abin da aka shuka ne kaɗai ke nan, Ruhu Mai Tsarki kuwa yakan yi amfani da shi ya ja mutum baya daga bakin rami.

Don haka ɗalibi mai bi kada ya zauna shi kaɗai. Zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, da sauran zumuntai na ikkilisiyoyi suna nan a makarantu. Kayan kiɗa sun canza, gita da kibod sun shigo, waƙoƙin Legas da na Amurka sun cika wayoyi. Wannan ba laifi ba ne. Ma'aunin da Kolosiyawa 3:16 ta bayar shi ne waƙa ta koyar, ta kuma yi gargaɗi da maganar Almasihu. Waƙar da ke motsa ƙafa kawai ba za ta riƙe mutum a ranar gwaji ba. Mawaƙin da ke neman tafi kuma ya binciki zuciyarsa.

Baki ɗaya ne

Manzo Yakubu ya yi gargaɗi cewa bai kamata yabon Allah da la'antar mutum su fito daga baki ɗaya ba. Mutanen Kafanchan sun san nauyin wannan magana. A watan Maris na 1987, saɓani a kan kalmomin wa'azi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ya zama wutar da ta kai Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, da Katsina. Aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren sujada. Ɗaliban yau suna kwana ɗaki ɗaya da waɗanda ba addininsu ɗaya ba, kuma kalma guda a Facebook ko WhatsApp takan zaga gari kafin a gama lakca. Wanda ya rera yabo da safe, kada ya tura zagi ko jita-jita da rana. 'Yan sarƙa sun saurari Bulus da Sila. Haka abokan ɗaki suke sauraron mai bi, suna gwada waƙarsa da halinsa: ko yana biyan bashi, ko yana raba ɗan garinsa, ko yana faɗin gaskiya.

Kammalawa

Bari iyaye su maido da sujadar iyali, ko da ta minti goma ce, da aya ɗaya da waƙa ɗaya, su kuma bayyana wa yara ma'anar abin da suke rerawa. Idan sun kira ɗalibi a waya, bayan tambayar kuɗi da lafiya, su tambayi inda yake sujada. Bari ikkilisiya ta san sunayen 'ya'yanta da ke makarantu, ta yi addu'a dominsu, ta ba su wuri a cikin mawaƙa lokacin hutu. Ɗalibin da ya riga ya yi tuntuɓe kuma, idan tsohuwar waƙar gida ta taso masa da dare, kada ya toshe kunne. Kira ne na Uba mai jinƙai, ƙofar tuba tana buɗe ta wurin jinin Yesu Almasihu.

Ubangiji ya kiyaye fitar 'ya'yan ikkilisiyarsa da shigarsu, ya komo da su gida da takardar shaida a hannu da yabo a baki, domin iyalin da suka yi rawar godiya ranar tafiya su sāke yin ta ranar yaye ɗalibai. Amin.