Ranar Wasan Ƙarshe: Hutun Wa Za A Duba?

Watakila mai karatu ya yi mamakin ganin zancen tamaula a wannan mujalla tamu da aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana. To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, domin tambayar da na ɗauko ta fi ƙarfin filin wasa. Tambayar ita ce: idan za a buga wasan ƙarshe na cin kofi a birnin Katsina, a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Karkanda, wace rana ce daga cikin bakwai ɗin nan ta fi cancanta? Galibi hukumar wasanni kan yanke wannan a ofis cikin ɗan lokaci, alhali kuwa duk ranar da ta zaɓa ta buɗe wa wasu mutane ƙofa ke nan, ta kuma rufe wa wasu. Abin da kuwa ya shafi raba wa jama'a wani alheri, ko da na nishaɗi ne, ya zama maganar adalci.

Bari mu fara kawar da camfi gefe guda. Bahaushe ya daɗe yana yi wa ranaku kirari, ga Laraba ta Bawa ranar samu, ga Juma'a babbar rana, har sunaye yake raɗa wa 'ya'yansa da su, su Ɗanladi da Asabe da Talatu. Ban raina wannan ba, kayan aikinmu ne mu ɗaliban Hausa. Amma rana ba ta jefa ƙwallo a raga. Ran Laraba, 24 ga Oktoba 2018, Kano Pillars ta ci Enugu Rangers uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, sa'an nan Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fanareti. Ga Larabar, ina samun? Da shekara ta zagayo, ran Lahadi 28 ga Yuli 2019, Pillars ɗin nan ta ɗauki kofin a Kaduna a hannun Niger Tornadoes, shi ma da fanareti. Saboda haka sa'a ba ta cikin lissafinmu.

Mafi yawan waɗanda na yi musu wannan tambaya cewa suke Lahadi, ba tare da wani dogon tunani ba. Hujjarsu ita ce haka duniya ke yi. Da gaskiyarsu ta wani fanni, domin wasan ƙarshe na Kofin Duniya a ranar Lahadi aka saba buga shi, in ban da na 1930 da aka yi ran Laraba da na 1966 da aka yi ran Asabar a Ingila. Ko ƙasar Katar da ke hutunta Juma'a da Asabar, ran Lahadi ta shirya nata, 18 ga Disamba 2022. To amma fa ya kamata mu tambayi kanmu inda Lahadin nan ta samo girmanta a wurinmu. Hutun Lahadi gadon Turawan mulkin mallaka ne, tare ya shigo da ofis da makarantar boko, kamar yadda ita kanta ƙwallon ta shigo. Abin ban dariya, su Ingilishin da suka kawo mana shi sun daɗe suna ƙyamar wasa a ranar, saboda ranar ibadarsu ce. Sai a watan Janairu 1974, da ƙarancin wutar lantarki ya matsa musu, manyan ƙungiyoyinsu suka fara wasa ran Lahadi. Watau ranar da muke ɗauka kamar da ita aka halicci ƙwallo, su masu abin ma larura ce ta kai su gare ta.

Yanzu mu dawo gida mu duba wanda ke hutu ran Lahadi a ƙasar Katsina. Ma'aikacin gwamnati yana hutu, haka malamin makarantar boko da ma'aikacin banki da irinmu 'yan jami'a. Amma ran Lahadi ce kasuwar Jibiya ke ci, da ta Charanchi, da ta Mai'aduwa. Ɗan tireda da ke bin waɗannan kasuwanni, da direban da ke ɗaukarsa, da yaron mota, da ɗan dako, da mai tallar fura, wannan rana ita ce jarin makonsu duka. Yaran Islamiyya kuma Asabar da Lahadi ne suke cika aji. Idan aka ce wa direba ya zaɓa tsakanin lodin Jibiya da kallon wasan ƙarshe, ai ba a ba shi zaɓi ba, domin ciki ba ya jiran a tashi daga wasa. Ga shi kuwa waɗannan mutane su ne ƙashin bayan 'yan kallo. Su ne ke shan rana a ɓangaren da ba rumfa suna yi wa Katsina United kirari tun tana Spotlights, lokacin da mai babbar riga ke gida yana kallon ƙungiyoyin Turai a talabijin.

A nan ne nake ganin ƙidayar kawuna kaɗai ba ta isa ta raba gardama ba. Wani zai ce a duba ranar da ta fi yi wa mafi yawan mutane daɗi, shi ke nan. Ni kuwa ina ganin a fara auna nauyin hasarar da kowane ɓangare zai yi. Ma'aikacin da aka sa wa wasa a ranar aiki da yamma, iyakarsa ya yi sauri daga ofis. Mai bin kasuwa da aka sa wa wasa ranar kasuwarsa, ko dai ya rasa abincin kwana bakwai ko ya rasa wasan da ba a maimaitawa sai baɗi. Hasarar na farko ta ɗan gumi ce, ta na biyu kuwa ba ta ramuwa. Idan mutum dubu za su ɗan takura domin mutum ɗari su tsira daga irin wannan zaɓi, a ganina takurar ta halatta. Wanda ya fi kowa rauni shi ya kamata a fara tambaya, kuma shi ne ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawarar.

To ina Juma'a? Na san da na ambace ta wasu za su ɓata fuska, su ce ranar ibada ce, ba ta wasa ba. Ina girmama wannan ra'ayi, sai dai a iya fahimtata abin da aka hana shi ne shagala daga kiran salla zuwa idar da ita, bayan nan an yarje wa mutane su bazu cikin harkokinsu. Kuma kowa ya san yammacin Juma'a a Katsina: ofisoshi sun tashi da wuri, makarantun allo na hutu, mutanen ƙauye sun shigo gari, kowa ya ci ado. Ɗan'uwanmu Kirista da ke zaune tare da mu bai rasa kome ba. Ba wani lokaci a mako da gari ke sakin jiki gaba ɗaya kamar wannan. Bugu da ƙari, manyan wasannin Ingila da na Sifen sun fi yawa Asabar da Lahadi, saboda haka gidajen kallo ba za su janye mana samari ba. Don haka idan kofin na gida ne, irin na jiha ko na unguwanni, inda 'yan Ƙofar Sauri za su kara da 'yan Ƙofar Marusa, ni Juma'a bayan la'asar na zaɓa, ba ni ko shakka.

Idan kuwa kofin na ƙasa ne, lissafi ya sake, domin an sami baƙo, shi kuwa baƙo haƙƙinsa ya rinjayi na ɗan gida. Magoya bayan da za su taso daga Inugu ko Ibadan, kai ko daga Kano ma da ke nan kusa, suna bukatar ranar zuwa da ranar komawa. Wasan Juma'a zai ci musu ranar aiki. Wasan Lahadi kuwa zai tilasta musu kama hanya da dare domin su riski Litinin, kuma ba sai na gaya wa mai karatu abin da tafiyar dare ta zama a hanyoyinmu cikin shekarun nan ba. Ba daidai ba ne a gayyaci mutum biki sa'an nan a sallame shi cikin duhu. Asabar ce kaɗai ke ba shi damar ya kwana ya kama hanya da hantsi. Turawa ma sun gano haka, shi ya sa tun 2010 suka mai da wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai daga daren Laraba zuwa Asabar, domin iyalai da yara su sami zuwa. Ranar da Nijeriya ta fara ɗaukar Kofin Afirka a Legas, 22 ga Maris 1980, ita ma Asabar ce. Gaskiya ne Asabar na da nata cikas, ga ɗaurin aure ga Islamiyya, amma ɗaurin aure da hantsi ake yi, darasin da yaro ya rasa kuwa ana iya rama masa washegari.

Saura abu guda da masu tsara wasa kan manta, watau sa'a. Wasan ƙarshe ba kamar sauran ba ne, dole sai an sami gwani. Idan aka take ƙwallo da ƙarfe 4:00, minti 90 da hutun rabin lokaci sun kai mu kusan 6:00. In aka yi kunnen doki aka ƙara minti 30, sa'an nan fanareti, an doshi 7:00. A watannin sanyi kuwa rana kan faɗi a Katsina tun wajen ƙarfe 6:00, ga shi ba a iya farawa da wuri saboda la'asar. Ke nan ladan zai kira magariba mai tsaron gida na tsaye tsakanin turaku, dubban mutane kuma su rasa na yi, su fita ko su tsaya. Mafita ita ce a ajiye irin wannan wasa a watannin da yini ke da tsawo, kamar Yuni da Yuli, ko kuma a rubuta tun farko cewa in an tashi canjaras fanareti za a wuce kai tsaye.