Wa Ke Ɗauke da Nauyin Amana?

Sa'ad da aka zaɓi mutum ɗaya aka bar ɗan'uwansa, ko wurin sarauta, ko gādo, ko dattijancin ekklesiya, wanda aka bari shi mu kan yi wa wa'azin haƙuri, mu ce kada ya yi kishi. Wanda ya samu kuwa, barka kaɗai mu ke yi masa. Anya mun raba kayan nan daidai?

Mutanen Indiya suna da wata tsohuwar waƙa mai suna Ramayana, baiti wajen 24,000, wadda su ke danganta wa Valmiki. A cikinta Sarki Dasharata na Ayodya ya shirya naɗa Rama, babban ɗansa. Sai wata baiwa, Mantara, ta zuga Kaikeyi, kishiyar uwar Rama, har ta tuna wa sarki alkawari biyu da ya taɓa yi mata. Ta nemi a naɗa ɗanta Barata, a kori Rama zuwa jeji shekara 14. Duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san irin wannan raɗa. Rama ya tafi ba gardama, baƙin ciki ya kashe sarki.

Barata ba ya gari sa'ad da aka ƙulla abin, ba wanda za ya ga laifinsa da ya hau gadon. Amma ya bi wansa har jeji yana roƙonsa ya komo. Da Rama ya ƙi, domin kada maganar ubansu ta faɗi, Barata ya ɗauko takalmansa ya ɗora bisa gadon sarauta, shi kuwa ya zauna ƙauyen Nandigrama yana riƙon ƙasa kamar wakili. A ganinmu gwajinsa ya fi na Rama wuya, gama Rama an ƙwace masa ne, Barata kuwa da hannunsa ya ajiye.

Mu ma nan muna da labari mai kama da wannan. Da Shehu Usmanu ya rasu cikin 1817, aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, an ce ƙanen Shehu, Abdullahi, ya iske ƙofar Sakkwato a rufe, ya koma Gwandu. Bayan 'yan shekaru tawayen Kalambaina ya fi ƙarfin Abdullahi, sai Bello ya taso da yaƙi ya taimake shi. Masu labari sun ce Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Wani za ya ce ai Bello bai mai da sarauta ba kamar Barata. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce lalle ne ya mayar ba. Amma shi ya fara takowa. Zuriyar Abdullahi su ne sarakunan Gwandu da ke zaune Birnin Kabi yau.

Mutanen Argungu kuma sun san abin da kan faru in mai samu ya danne duka. Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Sanwai zuwa yaƙin Agadas, da aka zo rabon ganima ya ga an tauye shi. Wajen 1516 ya ɓalle, Askiya ya aiko da rundunarsa, ba ta iya komo da shi ba. Kufan ganuwar Surame, birnin da Kanta ya gina, yana nan har yanzu.