Wa Zai Yi Wa Malami Gayya?

A garinmu Toranke, ta ƙasar Ajingi, idan aka yi wa mutum rasuwa da damina, ba a barinsa da fartanya. Kwana uku yana bisa tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, maƙwabta na aiko da tuwo, in ciyawa ta ci gonarsa samari su yi masa gayya. Bakin mutane yana cewa "sai haƙuri", amma hannunsu ya riga ya sauke masa kaya. To, abin tambaya shi ne, malamin jami'a fa, wa ke yi masa haka?

Mu tuna ƙarshen watan Afrilu na 2020. Cikin 'yan kwanaki Jami'ar Bayero ta rasa Farfesa Aliyu Umar Dikko, masanin aikin sassan jikin ɗan Adam, da Farfesa Balarabe Maikaba na sashen aikin jarida. Lokacin an kulle Kano saboda annobar korona, jami'a kuma tana rufe. Abokan aikin da suka shekara suna zama ofis ɗaya, da yawansu sai ta waya suka yi ta'aziyya. Bayan watanni aka koma aji, kujerun mamatan babu kowa, ɗalibansu na jiran mai duba musu aiki, kuma waɗanda aka bari da baƙin ciki su ne dai masu ɗaukar wannan kaya.

Wani zai ce ai jami'a ba zaure ba ce. Jarrabawa ba ta jiran mai makoki, ɗalibi ma yana da hakki. Gaskiya ne. Amma gona ma ba ta jira, shi ya sa aka ƙago gayya. Watau aikin da ba ya jira dalili ne na a taru a ɗauka, ba na a ɗora wa mai hawaye ba.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauki haƙuri a matsayin shiru. Malam ya shigo aji kwana huɗu da binne ɗansa, ya yi darasi sumul, sai mu ce jarumi ne. Alhali kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma da Ja'afar ya yi shahada sai ya sa a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, haƙuri nauyin mai makoki ne, sauke masa aiki kuwa nauyinmu ne. Shugaban sashe ya raba darussansa, abokin aiki ya karɓi takardun da zai duba, mu ɗalibai mu daina tare shi a ƙofa muna neman sakamako. Bayan arba'in, sa'ad da masu gaisuwa suka watse, a riƙa leƙa ofishinsa, don zumunta a ƙafa take.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, amin.