Mai keke da asusun masallaci



Waɗanda suka yi Isha'i da mu ranar Litinin sun ga wani saurayi ya jingine keke a jikin katangar wurin alwala, da jarkar ruwa da tabarma ɗaure a kariya. Daga Gombe ya taso, Abuja za shi. A shirayi ya kwana. Da asuba ya nuna mana tayarsa ta baya ta cinye, guzurinsa kuma ya kusa ƙarewa. Nan kwamiti ya rabu biyu. Tunda kuɗin asusu naku ne, ya kamata ku ji yadda aka yi.

Ma'aji ya ce, "Malam Sakatare, wa ya aike shi? Ya sayar da keken mana, ai ya isa kuɗin mota har da canji." Ba maganar banza ya yi ba. Muna da marayu, ga kuɗin wuta ba mu biya ba. Ya kuma tuna mana hadisin dattijon da Annabi (SAW) ya gani yana jan ƙafa tsakanin 'ya'yansa biyu, saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya umarce shi ya hau abin hawa, don Allah ba Ya buƙatar ya azabtar da kansa. Ashe wahala don wahala ba ibada ba ce.

Wahala kuwa tana gaban yaron. Daga nan zuwa Jos wajen kilomita 130 ne, ka wuce Dutsen Zaranda, Nabordo, Magama Gumau, Tilden Fulani, kuma Jos ta fi Bauchi tudu da kusan mita 600. A mota ba ka ji, direba ne kawai zai sauya giya kana gyangyaɗi. A keke cinyarka ce za ta biya. Ka samu 'yar gangara ka ɗan huta, sai wani hawan ya tare ka, tirela na hura maka iska a kafaɗa. Duk ya sani, kuma shi ya zaɓa.

To amma mu fa, wa ya aiko mu Bauchi? Wani daga Kano, wani Katsina, wani Maraɗi. Da yawanmu iyaye sun so mu zauna mu riƙe gona, muka ƙi. Muka sauka da jaka ɗaya, wani bawan Allah a Wunti ko Muda Lawal ya ce ajiye kayanka a gefen rumfata. Bai tsaya auna ko fitowarmu da hankali a cikinta ba. Da ya auna, da wasunmu a tasha za su kwana.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin masu cin zakka. Malamanmu na Malikiyya sun sa sharaɗi: ya kasance mabuƙaci, tafiyar ba ta saɓo ba ce, in kuma mai hali ne a garinsu, ya zama bai sami mai ranta masa ba. Ba mu ga inda aka ce sai tafiyar ta burge kwamiti ba.

Kun tuna Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya bar Jos a keke a 2021, ya bi ta Nijar da Chadi da Sudan, ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022? Da ya isa, kowa ya yi ta yaɗa hotonsa a Facebook, har da mu. Amma waɗanda suka shayar da shi a hanya ba su san zai kai ba. Mai keke kawai suka gani, ya gaji.

Wuri ɗaya muna tare da Ma'aji: asusu ba zai biya tukuicin bajinta ba. Mun ga yayin tattaki zuwa Abuja a 2015 bayan zaɓen Buhari, ba ma so masallaci ya zama zangon masu neman suna. Shi ya sa muka tambayi yaron. Ya ce yayansa zai gano, kuma yana so ya ga ƙasa da idonsa, ba ta tagar mota ba.

An saya masa taya da tub daga asusu, ba a ba shi kuɗi a hannu ba. Kunu da ƙosai daga gidan Ladan suka fito. Ma'aji ya sa hannu, amma ya ce har yanzu bai gamsu ba, yana so a tayar da maganar a taron wata, ranar Lahadi bayan La'asar. Rasit na manne a allon sanarwa. Yaron ya kama hanyar Jos da hantsi, mun ce ya kira in ya sauka, har zuwa daren jiya bai kira ba.