Amanar Ɗakin Kwana: Nasiha ga Shugabannin Ɗalibai a Jami'o'inmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara idan kaka ta kama, aka fara ɗaure damman gero a gonakin Guci da ƙauyukan da ke kewaye da ita, mukan ga iyaye a bakin tasha suna rakiyar 'ya'yansu da suka ci jarrabawar bak. Uba ya sayar da rago ko buhun riɗi ya haɗa guzuri, uwa ta ƙulle ƙuli-ƙuli da yaji a bakin zane. Wani yaron Damagaram ya nufa, wani Yamai, wadda ke da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram, wani kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi. Kafin mota ta tashi sai ka ji uba yana cewa: "Idan ka sauka ka nemi wane, ɗan garinmu ne, shi ke riƙe da yaranmu a can." Wannan wanen kuwa shi ma ɗalibi ne, bai fi yaron da shekara uku ko huɗu ba. Da shi muke magana a yau, shi da duk wanda 'yan'uwansa ɗalibai suka gabatar a gidajen kwana na jami'a, ko delege ake kiransa, ko shugaban ɗaliban yanki, ko mai tsaron oda, ko limamin masallacin ɗalibai, namiji ne ko mace.

Asalin wannan aiki

Ɗora wa ɗalibi nauyin ɗan'uwansa ɗalibi tsohon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san cewa malam yana bayar da karatu, amma gardi ne ke kwana da ƙolaye. Shi ke tashe su da asuba, shi ke raba faɗa, shi ya san wanda ya kwana da zazzaɓi da wanda ya dawo bara da ƙoƙo wayam. Tsangayar da ta yi dace da gardi mai tsoron Allah takan yaye alarammomi, wadda kuma ta faɗa hannun mugu yaranta sukan gudu.

Tun kafin tsangaya akwai Suffa, wato rumfar da ke jikin masallacin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina, inda baƙi da matalautan sahabbai suke kwana suna neman ilimi. Abu Huraira (R.A.) yana cikinsu, kuma ta hannunsa akan kira su. Imamu Buhari ya ruwaito cewa wata rana yunwa ta gallabe shi har ya zauna a bakin hanya. Manzon Allah (S.A.W.) ya gane halin da yake ciki, ya tafi da shi gida, suka tarar da ƙwaryar nono guda da aka kawo kyauta. Sai aka umarce shi ya kirawo mutanen Suffa. Abin ya yi masa nauyi a rai, domin yana ganin nonon ko shi kaɗai da ƙyar ya ishe shi, amma ya tafi ya kira su. Shi aka sa ya riƙa miƙa wa kowa ƙwaryar, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye da yunwarsa, har duk suka ƙoshi. Sa'an nan ya sha har ya rasa wurin zubawa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya sha abin da ya rage. Mu'ujiza ce a fili, kuma a cikinta akwai tsarin shugabanci: wanda aka ba rabo shi ke jira, wanda ya fi kowa girma shi ya zo ƙarshe.

Nauyin ɗalibai a ƙasarmu

A Nijar ƙungiyoyin ɗalibai suna da daɗaɗɗen tarihi. An kafa ƙungiyar USN a 1960. Jami'ar Yamai ta samu matsayin jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ta Sayi ta buɗe a 1986, ta Damagaram kuma, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, an kafa ta a 2010. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, abin da ya girgiza ƙasa, yana kuma cikin dalilan da suka kai ga babban taron ƙasa na 1991. Wannan ya nuna mana cewa maganar shugaban ɗalibai tana iya kai matasa inda ake rasa rai.

Tarihin yana da wani gefen. A 2018 wata hatsaniya tsakanin wani malamin jami'ar Yamai da 'yan CASO, wato sashen ɗalibai mai kula da oda, ta jawo malamai suka shiga yajin aiki, aka kori wasu shugabannin ɗalibai, daga bisani aka rufe gidajen kwana na wani lokaci. Hukunci a kan wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure yana wurin Allah. Abin da muka sani shi ne, duk ranar da aka rufe ɗakuna, ɗan birni gidansu zai koma, ɗan Guci kuwa sai ya nemi kuɗin mota ko ya kwana a tasha.

Amanoni biyar

Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umarni a aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i da a mayar da amana ga masu ita, a kuma yi hukunci da adalci. Mun ga amanar shugaban ɗalibai ta kasu kashi biyar.

Ta farko ita ce makwanci. Ɗakuna a hannun hukumar CROU suke, kuma ba sa isar masu nema, har ɗakin mutum biyu yakan ɗauki ninkin haka. Amma wanda ya san wa ke kwana a ina, da inda ake da wurin shimfiɗa tabarma, wakilin ɗalibai ne. Idan ya fifita ɗan jam'iyyarsu ko wanda ya sa masa wani abu a aljihu, ya bar maraya a baranda cikin sanyin hunturu, ya ci amana, kuma abin da ya karɓa rashawa ne ko da an kira shi goro. Kula da ɗan garinku zumunci ne mai lada, matuƙar ba a tauye haƙƙin ɗan Tawa ko ɗan Difa saboda shi ba.

Ta biyu ita ce abinci da kuɗin jama'a. Mai tsaron layin gidan abinci ya tuna da Abu Huraira, kada kwanonsa da na abokansa su riga na kowa cika. Kuɗin karo-karo da ake tarawa don jinyar mara lafiya ko tarbar sababbin zuwa a rubuta su, a karanta lissafi a gaban jama'a, ko dala ɗaya ce.

Ta uku ita ce sirrin ɗaki. Zaman mutane da yawa a wuri ɗaya yakan tona abin da mutum ke ɓoyewa, na talauci ko cuta ko wani rauni. Suratul Hujurati ta hana bin diddigi da giba da mummunan zato, Suratun Nuri kuma ta wajabta neman izini kafin shiga makwancin wani. Muƙami bai halatta wa kowa buɗe jakar wani ko wayarsa ba. Wannan ya fi tsanani a gidajen kwana na 'yan mata, domin kalma ɗaya da shugaba ta saki takan riga yarinya isa gida, ta ɓata mata suna, ta sa uba ya janye ta daga karatu, ya hana ƙannenta.

Ta huɗu ita ce ƙarfi. An ba ka tsaron oda domin mai rauni ya yi barci da kwanciyar hankali. Duka da wulaƙanci da tsoratar da sabon zuwa zalunci ne, kuma cewa "haka aka yi mana" ba hujja ba ce a gaban Allah. Laifin da ya fi ƙarfin nasiha a miƙa shi ga hukumar makaranta. Haka nan kafin ka kira a ƙaurace wa aji, ka tambayi kanka ko haƙƙin ɗalibai kake nema ko wani ɗan siyasa ne ya hura maka kunne, domin shekarar karatun da ta lalace gumin wani tsoho ne a gona.

Ta biyar, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce lura da mai shiru. Wani uba daga cikin jama'armu ya ba mu labarin ɗansa, wanda guzurinsa ya ƙare kafin a biya kuɗin tallafin karatu. Kunya ta hana shi roƙo, ya koma cewa azumi yake yi. Wani babban ɗalibi a ɗakin ya lura cewa azumin nan ba sahur ba buɗa-baki. Bai tambaye shi a gaban mutane ba. Sai ya ce masa shi ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ya taimaka ya riƙa taya shi. Haka suka yi wata guda, har kuɗi suka fito. Yaron nan ya riga ya ɗaure kayansa zai dawo gida, yau kuwa malamin makaranta ne. Uban har yanzu bai san fuskar wancan ɗalibi ba, amma ya ce yana sa shi cikin addu'a bayan kowace salla.

Gargaɗi game da neman muƙami

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.) ya nemi a ba shi wani aiki na shugabanci, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa cewa amana ce da za ta zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinta ba. Idan an faɗa wa sahabi irin Abu Zarri haka, ina ga saurayin da yake ganin muƙamin ɗakin kwana tsani ne na hawa siyasa? Ƙuruciya ba ta hana shugabanci, domin an aiki Mus'abu ɗan Umairu Madina ya koyar da mutanenta Alƙur'ani, an kuma ba Usamatu ɗan Zaidu jagorancin runduna yana da ƙarancin shekaru. Abin da ake nema shi ne iyawa da riƙon amana. Ku kuma masu zaɓe, ku duba sallar mutum da yadda yake biyan bashi kafin ku duba ƙarfin muryarsa a taro.

Kira ga iyaye da masallatai

Ya ku iyaye, mu ma da namu alhakin. Kada mu matsa wa ɗan garinmu ya shigar da ɗanmu ta bayan gida, sa'an nan mu dawo muna kukan lalacewar zamani. Idan muka aika masa yaro, mu aika da abin da ya sawwaƙa, domin shi ma ɗan wani ne mai jiran aike. Idan ɗalibai sun zo hutu, limamai su zauna da manyansu, su ji halin da yaranmu ke ciki, su yi musu nasiha da godiya. Yaran da ke tafiya kuma mu hore su da ladabi da haƙurin zama da jama'a, da lizimtar masallacin ɗalibai.

Muna roƙon Allah Ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke neman ilimi, Ya haɗa su da abokan zama nagari, Ya ba shugabanninsu ikon sauke amana, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.