Wadda Aka Fansa da Waɗanda Aka Bari: Tunani a kan Haƙƙin Dabbobi

Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake turke rago ya san gaskiyar wannan magana, domin kuwa ran Layya akan sami yaron da zai koma bayan ɗaki yana sharar hawaye, ya ƙi kallon naman ragon da ya yi wata da watanni yana kai wa dusa da harawa. Amma wannan yaron, in aka miƙo masa tsiren da aka sayo a bakin titi, zai karɓa ya ci ba tare da wani tunani ba. Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta a wannan maƙala ita ce: shin haƙƙin da dabba take da shi a kanmu ya rataya ne ga sanin da muka yi mata, ko kuwa haƙƙi ne nata na kanta, mun san ta ko ba mu san ta ba?

Abin da ya jawo mu ga wannan tambaya shi ne wani fim mai suna Okja, wanda Bong Joon-ho, mutumin Koriya ta Kudu, ya shirya. An fara nuna shi a bikin finafinai na Kan da ke Faransa a shekarar 2017, sannan kamfanin Netflix ya fitar da shi a wannan shekarar. Fim ne na kasada da barkwanci, mai cike da zambo da habaici ga manyan kamfanonin nama. Labarin ya fara ne da wani ƙagaggen kamfanin Amurka mai suna Mirando, wanda shugabarsa, Lusi, ta shelanta wa duniya cewa sun tsinci wani irin alade na ban mamaki a wata gona a ƙasar Chile, mai ƙaton jiki, mai cin abinci kaɗan, mai daɗin nama. Aka rarraba 'ya'yan aladen guda 26 ga manoma a sassan duniya domin su yi kiwo na shekara 10, a ga wanda nasa zai fi kyau. Magana ta gaskiya kuwa ita ce, a ɗakin bincike aka ƙera su ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta, aka ɓoye wa jama'a.

Ɗaya daga cikinsu, mace, ita ce Okja, wadda ta girma a kan duwatsun Koriya tare da wata yarinya marainiya mai suna Mija da kakanta. Tare suke yawo, tare suke barci, har akwai ranar da Okja ta yi kasada da ranta ta ceci yarinyar daga faɗawa kwazazzabo. Da wa'adi ya cika, kamfani ya zo ya ɗauke kayansa. Sai a lokacin ne Mija ta gane cewa kakan nata bai sayi Okja ba kamar yadda ya gaya mata, wani ɗan mutum-mutumin alade na zinariya ya saya ya ajiye mata. Yarinya ta ɗaura ɗamara ta bi sawu, daga birnin Seoul har Niyok. A ƙarshe ta iske Okja a mayanka, an riga an saita mata bindigar da ake harbin dabbobi a ka. Kuka bai yi amfani ba, roƙo bai yi amfani ba. Nansi, 'yar'uwar Lusi wadda ta karɓe ragamar kamfanin, ba ta jin wani harshe sai na ciniki. Mija ta fito da aladen zinariya ta ce ta sayi Okja da rai. Nansi ta gatsa zinariyar ta tabbatar ba jabu ba ce, ta sallama.

A nan ne mai kallo yake so ya yi ajiyar zuciya, amma mai fim ya hana shi. Yayin da Mija take fita da Okja, hanya ta bi da su ta gefen wani makeken shinge mai lantarki, inda ɗimbin aladu irin Okja suke tsaye suna jiran layi ya zo kansu. Babu wanda ya raɗa musu suna, babu wanda ya ƙetare teku dominsu. Wasu biyu daga cikinsu suka turo jaririnsu ta ƙarƙashin shinge, Okja ta ɓoye shi a baki suka fice da shi. Rai biyu suka tsira, sauran duk aka bar su. To, da me Okja ta fi su? Zafin da za ta ji shi ne za su ji, tsoron da ya kama ta shi ne ya kama su. Abin da ta fi su da shi kawai shi ne tana da mai son ta, mai son nata kuma tana da zinariya. Idan muka yarda cewa wannan ya isa dalili, to, mun yarda ke nan cewa haƙƙi kaya ne na sayarwa, wanda marar gata ba shi da rabo a ciki. Wannan kuwa hukunci ne da ba za mu so a yi mana shi ba mu 'yan Adam.

Masana falsafa sun daɗe suna kai da komo a kan wannan batu. A shekarar 1789 Baturen Ingila Jeremy Bentham ya kawo hujjar cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, ba ko tana iya magana ko tunani ba. A 1975 Peter Singer, ɗan Ostareliya, ya faɗaɗa wannan hujja har ya kai ga kiran mutane su bar cin naman da masana'antu suke samarwa. Mu a nan ba mu bi su har ƙarshen hanya ba, domin addinanmu da al'adunmu sun halatta mana cin nama, kuma kiwo da fawa sana'o'i ne masu daraja da suka riƙe gidaje da yawa. Ita kanta Mija a cikin fim tana cin kifi da kaza. Amma tushen hujjar ba baƙo ba ne a wurinmu. A hadisan Manzon Allah (SAW) an ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Abin lura shi ne, karen nan ba na mutumin ba ne, a hanya ya gamu da shi. Ƙishirwar karen ce ta wajabta tausayi, ba sabo ba.

Wani zai ce, ai wannan alade ne, mu Musulmi ba ruwanmu da shi. Amsa ita ce, haramcin cin dabba bai taɓa zama izinin azabtar da ita ba, kamar yadda ba a cin kyanwa amma aka kama wata da laifinta. Daɗin daɗawa, abin da fim ya nuna bai tsaya ga alade ba. A kowace shekara ana yanka dabbobin tudu fiye da biliyan 70 a duniya, mafi yawansu kaji, waɗanda a manyan gonaki akan yanka su suna da kimanin mako 6 da ƙyanƙyasa. Shi kansa Bong sai da ya ziyarci wata babbar mayanka a jihar Kolorado ta Amurka kafin ya shirya fim ɗin, abin da ya gani kuwa ya hana shi cin nama na wata biyu. Laifi tudu ne, kada mu taka namu mu hango na wani. Mu da muke zaune a kudancin ƙasar nan muna ganin tireloli suna shigowa daga Arewa maƙare da shanu, an ɗaure ƙaho da ƙaho, sun kwana sun wuni a hanya cikin rana, wata ta faɗi 'yan'uwanta suna tattaka ta. Mun sha ganin kaji an ɗaure ƙafafunsu an rataye a babur kai a ƙasa. Naman da muke saya da yamma daga nan ya fito.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, bai kamata mu tsallake ta ba. Nansi ta dogara ne da cewa muddin nama ya yi araha, mutane za su saya, ko sun san yadda aka samo shi. Ba ta yi ƙarya ba. Magidancin da yake da baki goma a gida ba za a zarge shi don ya nemi mai sauƙi ba, kuma kowane sassauci da za a yi wa dabba, ko rage lodi ne ko tsayawa a hanya a ba ta ruwa, kuɗi ne da zai hau kan farashi. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Araha ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya biya cikon kuɗin da jikinsa, shi ne kuma wanda ba shi da bakin kai ƙara. Talauci uzuri ne ga marar hali, amma da yawa daga cikinmu ba rashin hali ne ya hana mu tambaya ba, rashin son jin amsa ne.

Har ila yau, fim ɗin bai wanke masu fafutuka ba. 'Yan ƙungiyar 'yantar da dabbobi da suka taimaki Mija sun nemi izininta a mayar da Okja hannun kamfani ɗauke da na'urar ɗaukar hoto domin a tona asiri. Yarinya ta ce ita gida take so ta koma da abarta, amma tafintansu ya juya maganar ya ce ta amince. Sakamakon haka Okja ta sha wuya mai tsanani a ɗakin bincike. Kamfani ya ɗauke ta a matsayin nama, su kuma suka ɗauke ta a matsayin hujja, kowa ya yi amfani da ita don biyan buƙatarsa. Wannan ya nuna mana cewa kyakkyawar manufa ba ta halatta ƙarya, kuma mai son dabbobi a dunƙule yana iya cutar da wadda take gabansa.

Bisa ga haka, matsayinmu shi ne: sabo yana buɗe mana ido mu ga haƙƙi, amma ba shi ne yake haifar da haƙƙin ba. Yaron da ya yi wa ragonsa kuka bai yi wauta ba, ya ga wani abu ne na gaskiya, wato rai mai jin daɗi da jin zafi, abin da ya rage masa shi ne ya san cewa ragon mai tsire ma haka yake. An ba mu izinin yanka, ba a ba mu izinin azabtarwa ba, tsakanin biyun nan kuwa akwai aiki a kan makiyayi da dillali da direba da mahauci da hukuma da mai saye. Kada a yi lodin da ya wuce kima, a shayar da dabba a hanya, kada a ja ta da duka zuwa kwata, kada a yanka wata a gaban wata. Cikinmu akwai 'ya'yan mahauta da na fataken shanu, akwai masu karatun likitan dabbobi, akwai waɗanda gobe za su riƙe ofisoshin da ke sa ido a kan mayanka. Ranar da abin ya zo hannunmu, dabbar da za a kawo gabanmu ba za ta zo da suna ba, ba kuma wata Mija a bayanta. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da aka ba mu amanarsa, amin.